Ɓawon Wuta da Ninkakken Ƙarfe: Tarihin Wata Gwagwarmaya ta Maƙera

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga wani abu da ido kan raina. In maƙeri ya zaro jan ƙarfe daga wuta da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, kafin masaba ta sauka sai a ga wani ɓawo baƙi ya lulluɓe ƙarfen. Da an buga kuwa sai ya dinga ɓarewa yana zuba kamar ƙaiƙayi, da yamma yaron maƙera ya share ya zubar. Wannan ɓawo, wanda za mu kira ɓawon wuta a cikin wannan maƙala, ba ya hana a ƙera fartanya ko lauje daga ƙarfe guda. Amma ranar da aka so haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya, to, ran nan maƙeri ba shi da abokin gaba kamarsa.

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. A tarihin ƙira akwai wata sana'a da ta tsaya kacokan a kan haɗa ƙarfe iri biyu ko fiye, a jera su falle-falle, a manne su da wuta, a ninka, a murɗa, har in an wasa ruwan takobi ko na wuƙa sai zane ya bayyana a jikinsa kamar igiyar ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun yadda maƙeran ƙasashe dabam-dabam suka yi fama da ɓawon wuta wajen ƙera irin wannan ninkakken ƙarfe, tun daga tsohuwar Turai zuwa Japan da Jawa, har zuwa maƙeran wuƙa na yau. Za a ga cewa kowace al'umma ta samo maganinta daga abin da ƙasarta ta ba ta, kuma abin mamaki, da ƙarfe ya ƙara tsabta a hannun masana'antu sai matsalar ta ƙara tsanani maimakon ta ragu.

Mene ne ɓawon wuta?

Ɓawon wuta ɗan'uwan tsatsa ne. Tsatsa takan ci ƙarfe sannu a hankali cikin damshi, shi kuwa ɓawon wuta cikin ƙiftawar ido yakan fito, domin zafi yana gaggauta haɗuwar ƙarfe da iskar oksijin. Masana sun nuna cewa in zafi ya haura digiri 570 a ma'aunin santigired, ɓawon yakan zama hawa uku. Na can ciki, wanda ya fi kauri, shi ake kira wustayit, na tsakiya magnatayit, na waje kuma mai sirantaka ƙwarai shi ne hematayit. Ba ƙarfe ba ne kuma, ya riga ya koma dangin dutse, mai tauri da gautsi. Watau abin da mai narka tama ya sha wahala ya raba, wutar maƙera tana ƙoƙarin mayar da shi yadda yake tun asali.

Shi kuwa haɗin wuta, wato manne ƙarfe da ƙarfe a maƙera, ba narkarwa ba ne kamar walda. Ana gasa su ne har su yi laushi ainun, sa'an nan a buga, fuskokin biyu su matsu har su zama jiki ɗaya. Sharaɗin wannan aure shi ne fuskokin su kasance tsirara. In ɓawo ya shiga tsakani, ko da bai kai kaurin gashi ba, wurin ba zai kama ba. Daga waje za a ga kamar ya kama, alhali kuwa akwai ɓoyayyiyar tsaga a ciki. Mai haɗa ƙarfe biyu sau ɗaya yake fuskantar wannan haɗari. Mai ninkakken ƙarfe kuwa yana fuskantarsa a kowane ninki, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aikin kwanaki, ko ya sa takobi ya dare a hannun mai shi ranar da ransa ya dogara gare shi.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana a ƙara wuta har ɓawon ya narke ya zube? Amsar ita ce tushen matsalar duka. Wustayit ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,370. Ƙarfe mai taushi, wanda ba shi da kabon da yawa, yana jure wannan zafi, domin tsantsar ƙarfe sai a digiri 1,538 yake narkewa. Amma ƙarfe mai tauri, wanda kabon ya yi yawa a cikinsa, shi ne mai riƙe kaifi, kuma kafin ya kai nan ya ƙone, ya dinga feshin tartsatsi, in an buga ya marmashe. Saboda haka maƙeri yana tsakanin abu biyu: in ya rage wuta ɓawo ya hana haɗi, in ya ƙara ƙarfe ya ƙone. Mafita ɗaya ce, a sami wani abu da za a barbaɗa wanda zai sa ɓawon ya narke a zafin da ƙarfe ke iya jurewa.

Yashi da kashin maƙera: tsohuwar Turai

Mutanen dā ba su iya narkar da ƙarfe ya zama ruwa a tanderunsu ba, sai ƙasar Sin da ta riga kowa a wannan fanni. Abin da mai narka tama kan fitar shi ne wani dunƙule mai ramuka kamar soso, cuɗe da gawayi da kashin maƙera. Sai an yi ta gasawa ana bugawa ana ninkawa kafin ya zama sandar da za a yi aiki da ita. Ashe ke nan ninki ba ado ba ne tun farko, larura ce. Dunƙulen ƙarami ne, wani gefensa da tauri wani da taushi, wanda ke son dogon takobi kuwa dole ya haɗa guntaye da yawa. Daga nan maƙera suka lura cewa in an jera ƙarfe iri biyu aka murɗa, zane kan fito, sai larura ta haifi ƙawa.

Wannan tsohon ƙarfe yana da wata baiwa da ba a gane darajarta ba sai da aka rasa ta. Komai bugun da aka yi masa, zaruruwan kashin maƙera kan saura a cikinsa. Kashin maƙera kuwa galibinsa haɗin ƙarfe ne da silika, wato abin da yashi ya ƙunsa, kuma yana narkewa a wajen digiri 1,200. In an kai ƙarfen zafin haɗi sai wannan kashi ya tsatso kamar gumi, ya jiƙa fuskar ƙarfen, ya narkar da ɓawo, masaba ta fesar da su waje gaba ɗaya. Watau ƙazantar ƙarfen ita ce sabulunsa. Inda wannan bai wadatar ba, sai maƙeri ya watsa farin yashi mai laushi, yashin ya haɗu da ɓawon su zama ruwa. Biringuccio, mutumin Italiya wanda aka buga littafinsa kan aikin ƙarafa a 1540, ya ambaci wannan dabara, haka kuma Joseph Moxon na Ingila a ƙarshen ƙarni na 17.

Ban da yashi, maƙeri yana da dabara biyu. Ta farko sarrafa wuta: ya tara gawayi mai zurfi, ya ajiye ƙarfe nesa kaɗan da bakin zuga-zugi, domin gawayin ya cinye oksijin kafin iska ta isa ga ƙarfe. Ta biyu siffar haɗi: ya sa fuskokin su yi ɗan tudu a tsakiya, ya fara bugu daga nan, don ruwan ɓawo ya sami hanyar gudu zuwa gefe, kada a rufe shi a ciki.

Da waɗannan kayan aiki marasa yawa aka yi abin al'ajabi. Tsakanin 1859 da 1863 Conrad Engelhardt ya tono wata fadama mai suna Nydam a ƙasar Danmak, inda mutanen ƙarni na 3 zuwa na 5 na Miladiyya suka riƙa zuba ganimar yaƙi a matsayin sadaka ga abin bautarsu. Ya sami takubba wajen ɗari, mafi yawansu ninkakku ne masu zane. Sarki Theodoric, wanda ya mallaki Italiya ya rasu a 526, ya sa an rubuta wa wani sarki na ƙabilun Jamusawan dā wasiƙar godiya bisa kyautar takubba, a ciki aka kwatanta zanen tsakiyarsu da ƙananan tsutsotsi, aka kuma yaba yashin da aka goge su da shi. A 1939 aka tono kabarin wani basarake na farkon ƙarni na 7 a Sutton Hoo ta Ingila. Takobinsa ya riga ya zama dunƙulen tsatsa, amma hoton da ke ratsa jiki ya nuna cewa an gina shi da sanduna takwas, huɗu a kowace fuska, kowace sanda falle bakwai, a murɗa nan a bar can a miƙe, sa'an nan aka manna kaifi a kewaye. Mai karatu ya ƙidaya yawan haɗin da ke cikin wannan takobi guda, ya tuna cewa kowane ɗaya sai da aka kore ɓawo daga cikinsa.

Ana gane maƙerar mutanen dā a yau ta hanyar ɓawon da suka zubar. Masu tonon tarihi kan ja maganaɗisu cikin ƙasar da suka haƙo, ɓawon ya manne masa. Mai faɗi kamar ƙaiƙayi yana nuna wurin da uwar maƙera ta tsaya, mai siffar ƙananan ƙwallaye kuwa shi ne ruwan da ya fantsama lokacin haɗin wuta ya daskare a iska. Abin da yaron maƙera ya share ya zama shaidar tarihi.

Daga ƙarni na 9 zuwa na 11 sai wannan sana'a ta yi ta ja da baya a Turai. Tanderu sun girma, an fara samun ƙarfe mai tauri da yawa, babu sauran dalilin ɓata kwanaki ana murɗa sanduna. Aka manta da ita har ya zamana masana ba su san yadda aka yi waɗannan takubba ba. Herbert Maryon ne ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi a Turance a 1948, sa'an nan John Anstee ya shiga maƙera ya gwada da hannunsa, shi da Leo Biek suka buga sakamakon a 1961.

Abin da malaman Musulunci suka rubuta

Malaman ƙasashen Musulmi sun san waɗannan takubba tun suna tashe. Alkindi, masanin falsafa na Bagadaza, ya rubuta wa Halifa Mu'utasim, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, wata risala kan takubba da ire-irensu. Ya kasa ƙarfen da ake haƙowa gida biyu, namiji mai tauri da mace mai taushi, ya kuma bayyana cewa takubban Faranjawa haɗi ne na biyun. Ibn Fadlan, wanda ya isa bakin kogin Volga a 922, ya ga mutanen Rus rataye da takubba masu faɗi irin na Faranjawa. Albiruni kuma, a ƙarni na 11, ya bayyana cewa mutanen Rus kan sa namijin ƙarfe a kaifi, macen a tsakiya, don takobi ya jure sara.

A nan ya kamata a warware wani ruɗani. Takubban da suka yi suna da ƙarfen Dimashƙa, waɗanda aka ƙera a Farisa da Indiya da Sham, su ma suna da zane, wanda Larabawa ke kira firind ko jauhar, amma ba ninki ne ya kawo shi ba. Ƙarfensu an narkar da shi ne cikin rufaffiyar tukunyar yumɓu, musamman a kudancin Indiya da Sirilanka da tsakiyar Asiya, zanen kuwa daga cikin jikin ƙarfen yake tsirowa. Mai wannan ƙarfe bai damu da ɓawo tsakanin falle da falle ba, tun da dunƙule guda yake miƙarwa. Wannan sana'a ta ɓace a ƙarni na 19, sai a 1998 John Verhoeven da Alfred Pendray da abokin aikinsu suka nuna cewa ɗan ƙanƙanin banadiyam da makamantansa a cikin tama suna da hannu wajen fitowar zanen. A kasuwar yau an haɗa iri biyun ƙarƙashin suna ɗaya, amma kusan duk wuƙar da ake sayarwa da sunan Dimashƙa ninkakkiya ce.

Toka da laka: Japan da Jawa

A Japan tamar da aka dogara gare ta baƙin yashi ne. Akan gina tanderun laka da ake kira tatara, a yi kwana uku dare da rana ana zuba yashin da gawayi, sa'an nan a rushe tanderun a fito da dunƙule. Ɓangarensa mafi kyau shi ake kira tamahagane. Maƙerin takobi kan baje shi, ya farfasa, ya zaɓi guntaye ya jera su bisa faranti na ƙarfe, ya naɗe da jiƙaƙƙiyar takarda don kada su warwatse, ya kwarara musu kunun laka, ya barbaɗe da tokar karan shinkafa, sa'an nan ya tura cikin wuta. Karan shinkafa yana da silika mai yawa, saboda haka toka da laka suna yin aikin da yashi ya yi a Turai: suna kare ƙarfe daga iska, suna rage ƙonewar kabon, suna kuma narkar da ɓawo.

Kafin kowane ninki maƙeri kan goge fuskar da za ta shiga ciki. Yakan kuma jiƙa guduma da uwar maƙera da ruwa, in ya buga sai ruwan ya zama tururi nan take ya yi ƙara kamar bindiga, ya tumɓuke ɓawon. Akan ninka sau goma zuwa goma sha biyar, ninki goma sha biyar kuwa yana ba da falle 32,768. Kuɗin wannan tsabta ba kaɗan ba ne, domin fiye da rabin nauyin ƙarfen kan tafi a ɓawo da tartsatsi. Masu iya magana kan ce, in ba ƙira me ya ci gawayi. A nan ƙira ta ci gawayi ta ci ƙarfen ma. Tatara ta mutu da zuwan masana'antu, amma a 1977 aka sake kunna guda a lardin Shimane domin maƙeran takobi su sami ƙarfen gado, tana kuwa aiki har yanzu.

A tsibirin Jawa na Indunusiya akwai wuƙar da ake kira keris, maƙerinta kuma empu, mutum ne mai daraja wanda kan yi azumi da addu'a kafin ya fara aiki. Yana ninka ƙarfe da wani mai ɗauke da nikel, wanda aka fi samowa daga Luwu a tsibirin Sulawesi, a fadar Surakarta kuma har da dutsen da ya faɗo daga sama kusa da Prambanan a ƙarni na 18. Zanen ana kiransa pamor, ana fito da shi da ruwan lemun tsami haɗe da gubar arsanik, ƙarfe ya yi baƙi, nikel ya saura fari. Hukumar UNESCO ta sanya keris cikin gadon ɗan'adam a 2005.

Zuwan boraks

Akwai wani farin gishiri wanda ya fi yashi da toka nesa ba kusa ba, shi ne boraks, sunan da ya samo asali daga burak na Larabci da Farisanci. In an ƙafar da ruwan da ke cikinsa, wanda ya kusa rabin nauyinsa, yana narkewa a digiri 743 kacal. Ma'ana, tun ƙarfe yana ja, kafin ɓawo ya yi kauri, boraks ya riga ya zama ruwa kamar zuma, ya kutsa tsakanin falle da falle, ya toshe iska, ya narkar da ɓawon da ya tarar. Amma shekaru aru-aru daga tafkunan ƙasar Tibet ake ɗauko shi bisa bayan tumaki da sauran dabbobi, a tsallaka duwatsun Himalaya zuwa Indiya, daga nan fatake su kai shi yamma. Tsadarsa ta sa ya zama kayan maƙeran zinariya da azurfa, ba na mai ƙera garma ba.

Ƙarni na 19 ne ya karya farashinsa. A 1818 François de Larderel ya fara fitar da dangin wannan gishiri daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na Tuskani a Italiya. A 1856 aka gano boraks a Kalifoniya ta Amurka, daga 1883 zuwa 1889 kuwa aka riƙa jawo shi daga kwarin hamada da ake kira Kwarin Mutuwa cikin manyan amalanke, dabba ashirin a gaba, tafiyar mil 165 zuwa tashar jirgin ƙasa. A yau Turkiyya ce ta fi kowa arzikinsa. Arhar tasa ta zo a kan gaɓa, domin a cikin 1856 ɗin nan Henry Bessemer ya fito da hanyar narkar da ƙarfe da yawa, kuma ƙarfen da aka narkar ya zama ruwa kashinsa kan taso sama a kwashe. Sabon ƙarfe ya fito tsaf, amma ya rasa sabulun da tsohon ke ɗauke da shi a jikinsa. Maƙeran da suka saba da tsohon ƙarfe sun iske sabon yana da wuyar haɗi, sai da taimakon boraks.

A wannan ƙarni ninkakken ƙarfe ya sami kasuwa a bututun bindiga. A Liège ta Beljiyam da Birmingham ta Ingila akan murɗa sanduna, a naɗe su bisa wata sanda kamar yadda ake naɗa rawani, a manne gefe da gefe. Bututu guda yana da haɗi mai tsawon gaske, kuma duk inda ɓawo ko kashi ya maƙale, nan tsatsa kan sami ƙofa. Da aka koma ga sabon albarushi marar hayaƙi a ƙarshen ƙarnin, wanda ƙarfinsa ya bambanta da na tsohon, sai irin wannan bututu ya zama abin tsoro, sana'ar ta mutu a farkon ƙarni na 20.

Maƙeran wuƙa na yau

A 1973 wani maƙeri Ba'amurke, William Moran, ya kai ninkakkun wuƙaƙe bajekolin masu ƙera wuƙa a birnin Kansas, abin ya ƙayatar da mutane ƙwarai. A 1976 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka. Wanda ke neman matsayin gwani a cikinta sai ya ƙera wuƙa mai falle 300 ko fiye, ta yanke igiya a rataye da sara ɗaya, ta datse katako, ta aske gashi bayan haka, sa'an nan a ɗaure ta a lanƙwasa har ta yi kusurwa ba tare da ta karye ba. A wannan lanƙwasa ne duk ɓawon da ya ɓuya kan tona asirin mai shi.

Maƙerin yau ya fi haɗa ƙarfe biyu da ake kira 1084 da 15N20, na biyun yana da nikel wajen kashi biyu cikin ɗari, shi ne ke ba da farin layi in an tsoma wuƙar cikin ruwan da ke cin ƙarfe. Yana da injin gurza da murhun gas da injin matsa, amma ɓawo bai sallame shi ba. Boraks kansa ya zo da nasa aibi: yana cinye bangon murhun gas, in kuma ya maƙale cikin haɗi yakan bar baƙin layi. Daɗin daɗawa, ƙarfen da ke da kuromiyam, kamar wanda ba ya tsatsa, yana yin ɓawo mai taurin kai wanda boraks ba ya iya narkarwa.

Saboda haka da yawa suka juya ga hana ɓawon fitowa tun farko. Sukan gurje kowane falle har ya yi ƙyalli, su jera, su toshe gefuna da walda ko su rufe duka cikin akwatin ƙarfe don kada iska ta shiga. Wasu kan tsoma jerin cikin kananzir, wanda in ya ƙone yakan bar kabon da zai cinye oksijin. Sukan daidaita murhu ya zama gas ya rinjayi iska, har harshen wuta ya leƙo ta baki, wato dabarar zurfin gawayi ce ta dawo cikin sabuwar riga. Maimakon ninki da zafi, sukan bari sanda ta huce, su gurje ɓawon, su yanka, su sake jerawa. Ɓawon da ya saura bayan ƙira kuma, tun da yana dakushe magagari yana cinye bel ɗin gurza, akan jiƙa shi kwana guda cikin ruwan tsami irin na binega ya saki.

Kalmar sinadari

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta tsofaffin gidajen ƙarfe ne. An tono tanderun narka tama a Taruga waɗanda suka girmi Miladiyya da ɗaruruwan shekaru, an kuma sami alamun narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Amma ruwan takobi mai yawa daga waje yake zuwa: Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya kimanta cewa ana shigo da wajen 50,000 a shekara, galibi daga Solingen ta Jamus, a nan a yi musu ƙota da kube. A ƙarni na 20 narka tama ya mutu, maƙeran baƙi suka koma ga sifirin mota da tarkacen jirgin ƙasa, wato sauyin nan daga ƙarfe mai kashi zuwa na masana'anta ya same su su ma.

Harshe ya adana wata shaida. A yau in an ce sinadari, ɗalibi zai tuna ɗakin gwaje-gwaje, uwargida ta tuna kayan miya. Amma wanda ya duba tsofaffin ƙamusoshin Hausa zai tarar cewa sinadari shi ne abin da maƙeri ke sawa a wurin haɗi don ƙarfe ya kama, kamar yadda maƙeran fari ke yi wajen liƙa azurfa da tagulla. Kalmar ta yi daidai da nushadir ta Larabci, wadda mutanen Magrib ke furtawa shanadir, sunan wani gishiri mai wanke fuskar ƙarfe. Ashe kalmar da muke fassara ilmin kimiyya da ita a maƙera aka haife ta, kuma aikinta na farko shi ne korar ɓawo.

Kammalawa

Mun ga yashi a Turai, toka da laka a Japan, boraks daga Tibet da Kalifoniya, da rufaffen akwati a hannun maƙerin yau. Hanyoyin sun bambanta, amma ba su wuce uku ba: a hana iska isa ga ƙarfe, a narkar da ɓawon da ya fito, ko a kankare shi kafin a haɗa. Mun kuma ga cewa wannan ilmi ya ɓace a Turai shekaru ɗaruruwa domin a hannu yake, ba a takarda ba, sai da aka sake ƙirƙiro shi daga tsatsa da hoto. Tsofaffin maƙeranmu da suka ga narka tama da idonsu sun kusa ƙarewa. Wajibi ne ɗaliban harshe da al'ada su zauna da su, su tambayi abin da suke watsawa a wuta wajen haɗi, da sunan da suke kiran ɓawon nan, da yadda suke gane zafi ya kai, su rubuta da kalmomin masu sana'ar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.